Magen Kaka

Jiya ina karatu wata mage ta yi kuka a kan katanga, na kasa juya shafi. Babin kuwa a kan 'yar tsokar nan ce ta gaban wuya, wadda in ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Littafin ya ce abincinta sinadarin aidin, sannan tana son ɗan sinadarin seleniyam, wanda ake samu a kifi da ƙwai da nama, don ta yi aikinta ta kuma kare kanta. Na bi layi-layi har ƙarshe, ban ga inda aka ambaci gashin mage ba.

Amma a gidanmu, can bayan hasumiyar Gobarau, shi aka kama da laifi.

Shekarar da soja suka koma bariki ce, ruwan farko ya sauka, ƙasa tana ƙamshi, hotunan 'yan takara suna ɓarewa daga bango. Wuyan Kaka, mahaifiyar Baba, ya taso kamar ƙwan zabuwa, har ta ajiye murjaninta. Tana da wata farar mage mai baƙin kunne, ita ce abokiyar hirarta tun rasuwar kakanmu. Ni kuma yaro ne marar baki, ɗakinta nake ɓuya da littafina, magen tana gurnani a tsakaninmu.

Gwaggo ce ta zo da maganar, wai Kaka gashin magen ta haɗiya a fura, sai a fitar da magen daga gidan. Baffa ya yi dariya ya ce ai yanzu mulkin farar hula ake, a kaɗa ƙuri'a.

"Mi ta yi maku?" in ji Kaka. Ta harare ni. "Kai kuma maigida, ana korar 'yar ɗakinka ka yi shiru?"

Na ɗaga hannu a kan a bar magen, kunya kamar in nutse. Aka yi ta dariya. Baba ya ce, "Shi ke nan, Inna. Ba mai taɓa ta sai mun ji ta bakin likita. Na yi alkawari."

Ranar asibiti ni da Mama muka raka ta. Likita ya lalubi wuyan, ya tambayi irin gishirin da muke miya da shi. Da Mama ta kawo zancen gashi, ya dubi Kaka ya ce, "Hajiya, magenki ba ruwanta. A bar gishirin kantu, na dunƙulen nan, a koma mai aidin, ki riƙa cin kifi da ƙwai, ki dawo mu sake dubawa."

Tun daga ƙofar asibiti nake maimaita kalmominsa a zuci, kada ko ɗaya ta zube kafin mu isa. Ni na fara shiga gida. Kaskon ruwan magen yana kife, babur ɗin Baffa ba ya nan. Baba yana zaure da rediyonsa. Na zayyana masa duk abin da likita ya ce.

"To madalla," ya ce. "An kai ta Batagarawa wurin dangi." Ya ƙara wa rediyo murya.

Kaka ba ta yi faɗa ba. Ta ninke mayafinta a hankali, ta ce, "Maigida, ashe tun kafin mu fita an gama ƙidaya." Daga ranar, in magariba ta yi, sai ka ga hannunta yana shafa tabarma a gefenta. Da Sallah na je Batagarawa, na bi gidajen danginmu ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda aka kawo wa mage.

Yau da wuya ka ga mai maƙoƙo a unguwarmu, gishirin leda ya kori na kantu, Kaka ta daɗe a ƙasa. Baba ya tsufa, ni nake karanta masa ƙa'idar magungunansa, duk abin da na faɗa ya yarda. Ban taɓa tambayarsa inda aka kai magen ba. Sai dai har yanzu in ya ce mani, "Na yi alkawari," nakan ce, "To, Baba," in tashi in nemi wata hanya.