Motar da Ba Ta da Gidan Baya

Yayana Jonah ya ƙare ƙuruciyarsa a kan babbar mota, yana jigilar auduga da masara daga ƙauyukan Malumfashi zuwa Funtua. Mutum ne mai sanyi, har sanyin nasa kan ba ni haushi. Da ya bar aikin sai ya sayi tsohuwar Fijo mai dogon baya, tun daga ranar kuma ta zama motar dangi. Biki, jana'iza, kai amarya, buhun taki, akuyar da za a kai kasuwa, duk Jonah ne.

Wadda ta sha wahalar motar nan ita ce matarsa Matta. A wajenmu gidan gaba na babba ne, babban kuma namiji. Za su fito su biyu tana gefensa, kafin su kai bakin titi wani dattijo ya ɗaga hannu. Ba sai an ce mata komai ba, za ta buɗe ƙofa ta koma baya. In aka ƙara samun wasu ta matsa can ƙurya wajen buhuna. Na taɓa ganin an sauke ta a Bakori da jakarta a hannu wai ta nemi ta haya, a motar mijinta fa!

Abin ya kai maƙura ranar da aka sallame ta daga asibiti bayan an yi mata aiki a ciki. Babban yayanmu Maiwada ya raka Jonah ɗaukota, ya kuma hakimce a gaba kamar kullum. Matta na baya, kowane rami sai ta cije leɓe ta dafe wurin ɗinkin. Jonah yana ganinta ta madubi. Watan bai ƙare ba ya sayar da Fijo.

Daga Kaduna ya dawo da wata 'yar jar mota 'yar Kwatano, gajera kamar ta durƙusa, ƙofa biyu, kujera biyu, rufinta na tanti ana naɗe shi baya. Ta daɗe a wurin dillali ba mai taya ta, don haka ya same ta da araha. Unguwa ta fito kallo. Wasu suka ce kwalin ashana, wasu suka ce takalmin Jonah, matan zumuntar coci kuwa suka raɗa mata Marowaciya.

Shi ko a jikinsa. Ya ce mini, "Rahab, duk rayuwata roƙon mota nake ta tashi, in roƙe ta ta tsaya. Wannan kuwa kafin in gama tunanin kwana ta sha." Mai kaɗan take sha, in ta ƙi tashi mutum ɗaya ya isa ya tura ta. Ramukan da manyan motoci ke faɗawa, ita kewaye su take yi ta wuce. Da yamma yakan naɗe rufin ya bi hanyar Tsiga tsakanin gonakin dawa, hularsa a cinya, furfura a waje, yana dariya shi kaɗai. Ban taɓa ganin haƙoran Jonah da yawa haka ba.

Maiwada bai ga abin dariya ba. Ya tara mu ya ce abin kunya ne dattijo ya sayi motar 'yan iska, a sayar a kawo wadda za ta ɗauki mutane. Jonah ya sunkuyar da kai ya ce ya ji. Jin ne kawai ya yi.

Ranar Lahadin da za a je ɗaurin auren jikar ƙanwar babanmu a Funtua, ana tashi daga sujada Matta ta shiga motar. Sai ga Maiwada da sandarsa, ya tsaya a bakin ƙofarta ya yi gyaran murya. Jama'a duk suna harabar coci. Hannun Matta ya tafi kan mabuɗin ƙofa da kansa, har ta zuro ƙafa ɗaya waje. Raina ya ɓaci, na ce shi ke nan, yau ma acaɓa za ta hau.

"Maman Salome, mayar da ƙafarki," in ji Jonah.

Maiwada ya ce, "Kai, ba ka gan ni ba ne?"

"Na gan ka, Yaya. Ga mai Keke can na yi maka magana da shi, har ƙofar gidan zai kai ka."

"Ni zan hau Keke, mace na zaune a gidan gaba?"

"Yaya, leƙa ka gani. Motar nan ba ta da gidan baya, ina za ta samo gidan gaba? Kujera biyu ce, tawa da tata."

 Tun da aka haifi Jonah bai taɓa mayar wa Maiwada magana ba sai ranar. Matta ta dubi Maiwada, ta dubi mijinta, sannan ta janye ƙafarta a hankali ta rufe ƙofar. Ta ƙara tamke ɗankwalinta, suka tafi.

Har yau Maiwada bai sake taka gidansu ba, kuma abin yana cin Jonah, ba zan ɓoye ba. Kowane mako yakan je ya gaishe shi, a amsa masa a daƙile. Amma motar tana nan. Ni ma ban taɓa shigarta ba, kuma duk wanda ya kira ta Marowaciya a gabana sai mun yi.

Da muka haɗu a gidan bikin ran nan, na tarar da Matta ɗankwali ya karkace, ido duk hawayen iska. Na ce, "Yaya hanya?"

Ta kama hannuna ta ce, "Rahab, ashe hanyar Funtua tana da kyau haka? Ni duk shekarun nan ƙeyar mutane na sani."