Ranar da Ergash Ya Kai Kurmi

Ergash ya tuƙa bas tsakanin Parkent da Tashkent har kansa ya yi furfura. Da ya ajiye aiki, likita ya ce masa ya riƙa tafiya da ƙafa. Ya ji maganar, ya rage ta daidai ƙarfinsa.

Duk shekara idan ƙanƙara ta narke, manoma suka fara tono itatuwan inabin da suka binne saboda sanyi, sai 'yan birni su zo yawon tuddai. Ergash ke raka su. Hanyar ba wuya: a ratsa gonakin inabi, a hau tudu, a shiga kurmi. Sai dai Ergash ba ya wuce bukkar kowa bai gaisa ba, kuma a Parkent ba a gaisawa a tsaye. Nan shayi, can gurasa mai zafi da kindirmo. Kafin la'asar baƙi sun yi nauyi, su da kansu ke roƙon a juya.

"Kurmin fa?" wani kan tambaya.

"Yana nan, ba inda za shi."

Matarsa Oysuluv kaɗai ta san bai taɓa taka kurmin ba.

Wata shekara sai ga Kunduz, tsohuwar malamar makaranta, da sandarta. A bukka ta farko ta ƙi zama.

"Ergash-aka, yayana, kurmi na zo gani, ba butar shayi ba."

"Ƙanwata, akwai mugun kare a gaba."

"Na koyar da 'yan aji tara. Mu je."

Suka hau, tana gaba, yana baya yana haki, yana nuna mata hanyar da ta riga ta bi. A cikin kurmin tuffar daji ta yi fure, ruwa na gudu tsakanin duwatsu. Ergash ya zauna a kan kututture ya yi shiru, har Kunduz ta zaci kyan wurin ne ya ɗaure masa baki. Ashe rufin gidansa yake hangowa can ƙasa.

"Kwano ɗaya ya ɗage," ya ce.

Da magariba ya shigo gida yana jan ƙafa.

"Baban yara, yaya kurmin?" in ji Oysuluv.

"Itatuwa ne."

Ya yi kwanaki yana ɗingishi. Rufin kuwa mijin 'yarsa ne ya hau ya gyara, Ergash na zaune a ƙasa yana ba da umarni.