Rabin Giram ɗin Anti Sikeli

Shekara ashirin da shida Anti Sikeli ta yi tana buɗe ɗakin gwaje-gwajen makarantar, ba ta taɓa riƙe alli ta tsaya gaban aji ba. Aikinta wanke kwalabe ne da jera su, da goge tebura, da hana 'yan aji huɗu shinshina abin da ba a ce su shinshina ba. Sunan ma ɗalibai ne suka laƙaba mata, don ko shugaban makaranta bai isa ya taɓa sikelin ɗakin da hannu mai maiƙo ba. Kana miƙa hannu za ka ji muryarta daga bayan kabad: "A'a, ɗan nan, wannan ba na awon tumatir ba ne."

Yayanta ne ya samo mata aikin. Karatunta ya tsaya a aji uku, shekarar da ciwo ya kwantar da mahaifiyarsu, ita ce kuma macen da ke gida. Da jinya ta ƙare, ƙawayenta sun yi mata nisa. Yaya kuwa a lokacin shi ne malamin kemistiri, dogo, mai alli a gira da aljihu. Ranar da ta fara aiki ya zaunar da ita gaban sikelin ya ce, "Ƙanwata, doka biyu ce a ɗakin nan. Abin da idonki ya gani shi za ki rubuta, ba abin da ranki ke so ba. Sannan sau ɗaya ba gwaji ba ne, sa'a ce." Ya ɗaga mata yatsu uku. Komai sai an yi sau uku, har dafa shayi ma matarsa na tsokanarsa da haka.

Duk shekara akwai gwajin da ake yi wa sababbin shiga. A zuba ruwan tsami a kwalba, a ɗura farar hoda, irin wadda ke sa fulawa tashi, a cikin balan-balan, a ɗaura shi a bakin kwalbar, a auna. Sai a ɗaga balan-balan hodar ta zube ciki. Kumfa ta taso, iska ta fito daga haɗin, balan-balan ya kumbura, yara su yi ta ihu. Sai a sake aunawa. Darasin shi ne nauyin da ka fara da shi, shi za ka ƙare da shi, muddin ba abin da ya fita, ba abin da ya shigo. Abu na sauya kama, amma ba ya ɓacewa.

To, sai dai sikelin Anti bai san kara ba. Kullum awo na biyu sai ya gaza na farko da kusan rabin giram.

Yaya yakan ce wa yara wataƙila 'yar iska ce ta sulale ta bakin balan-balan. Amma wata rana da ajin ya watse, ya tsaya yana kallon lambar, ya ce, "Ni ma fa ban gamsu ba. Bari in samu sarari, mu zauna ni da ke mu gano inda yake zuwa."

Wannan zaman ta yi ta jira. Ta so shi fiye da ƙarin girma, don a ranta ranar za ta zama ɗaliba kuma, ko da ta awa ɗaya ce. Amma sarari bai zo ba. In ba takardun jarrabawa ba, taron malamai ne, in ba shi ba, ɗansa ne ba lafiya. Yau da gobe har aka shekara goma sha tara, sai wata safiya Yaya ya faɗi a bakin ƙofar aji. Ya tashi da shanyewar ɓarin dama, magana kuma ta tafi. Tun daga nan yana gida, kan kujera kusa da taga.

Ita ba ta bar maganar ba. Abin ya tsaya mata kamar ƙayar kifi a wuya. Ta naɗe bakin balan-balan da zare, ta shafa ruwan sabulu ko za ta ga inda yake yoyo, ba ta gani ba. Ta kashe fanka, ta rufe tagogi har zufa ta jiƙa mata baya. Ta aro sikelin ɗakin da ke kusa, shi ma abin da ya faɗa ke nan. Kowanne sau uku, kowanne ta rubuta a wani tsohon littafi mai bangon kore. Abu ɗaya kawai ta lura da shi: iya kumburin balan-balan, iya yawan abin da ke ɓata.

Malamai sun zo sun wuce. Na yanzu, wanda yara ke kira Malam Sauri, shi tun kafin a auna yake rubuta lambobin biyu a allo, iri ɗaya cif. Da ta yi masa magana ya yi dariya. "Haba Anti, littafi ya riga ya faɗa. Sikelin naki ne ya tsufa." Ita ba ta ce littafi ƙarya yake ba, amma yaran suna da ido, kuma ana koya musu su ƙi yarda da shi. Wannan ya fi zagi yi mata ciwo.

Sai takardar ritaya ta iso. Ƙarshen wata za ta miƙa makulli. Ta karanta, ta ninke, ba kuɗin sallama ne ya fara zo mata a rai ba, rabin giram ne. Daga ranar ba ta da sikeli, ba ta da ɗaki, Yaya kuma kullum ƙara ramewa yake.

Saura kwana tara, tana wanke kaya a kwamin ɗakin, wata kwalba da aka manta da murfi a kanta ta ƙi nutsewa. Ta danna ta, ta taso. Ta sake dannawa, ta ji yadda ruwan ke turo mata hannu. Shekara ashirin da shida tana wannan kokawar da kwalabe, sai yau ta tsaya da kumfa har gwiwar hannu. Babbar kwalba ta fi ƙarama turowa. To in ruwa na ɗaga abin da ya ci masa wuri, iskar ɗakin fa? Balan-balan in ya kumbura ai wurin iska ya ci. Ashe ba abin da ya fita, tallafa masa ake yi daga ƙasa, sikeli kuma yana faɗin abin da ya rage a kansa.

Ba ta yarda da kanta ba, don dokar Yaya ta hana. Ta samo robar lemo mai tauri, mai murfin murɗawa, wadda ba za ta kumbura ba. Ta zuba ruwan tsami, ta tsayar da 'yar ƙaramar kwalba da hoda kaɗan a ciki, ta ɗaure murfi tam, ta auna. Ta karkata robar, kumfa ta taso ta lafa. Ta mayar kan sikeli. Lambar ko motsi ba ta yi ba. Da ta sassauta murfin iska ta fita da huci, a nan ne nauyin ya ragu. Ta maimaita har sau bakwai, sannan ta zauna kan doguwar kujerar yara. Mutum ɗaya take son gaya wa.

Washegari ta nemi izinin shugaba, ita da ba ta bari a gusa sikelin ko taku ɗaya, ta naɗe shi da tawul ta rungume shi a mota kamar jariri.

"Ikon Allah," in ji matar Yaya da ta buɗe ƙofa. "Ke dai da kwalabenki, har gida?"

"Ki ara mini ƙaramin teburin nan, matar Yaya."

Ta ajiye teburin gaban kujerar Yaya, ta ɗora sikelin a kai. Ta fara yin na balan-balan, ya ga tsohon giɓin nasu. Sannan ta yi na robar, tana bayani da sauri, tana tuntuɓe da kalmomi kamar 'yar aji ɗaya. Ta juyo masa da fuskar sikelin.

"Ka gani, Yaya? Bai je ko'ina ba. Duk shekarun nan yana nan."

Ya daɗe yana kallon lambar. Leɓensa ya motsa, ba abin da ya fito. Can sai ya ɗago hannun hagu daga kan cinyarsa, da ƙyar, ya miƙe yatsu uku.

Dariya da kuka suka zo mata tare. "Wallahi sau bakwai na yi a makaranta, Yaya."

Yatsun ba su sauka ba.

Ta share ido da bakin mayafi, ta ce wa matar Yaya ta taimaka ta kashe fanka. Sannan ta ɗauraye robar, ta jawo kujera kusa da tasa, ta buɗe littafin mai bangon kore a sabon shafi.