Oba-obar Motar Kawu

Ni ne wawan labarin nan, gara ku ji daga bakina. Jiya na ji mai yana shuuu a kaskon masa, sai na tuna oba-obar da marigayi kawuna ya sa a motarsa, don ita ma haka take kuka. Allah Ya haskaka kabarinsa.

Ni na kafa mata eriya, na haɗa ta da batir, saboda na yi aji huɗu, kuma a gidanmu wannan digiri ne. Wata rana mun ɗauko gero daga Moriki, muka tsaya mu ji daga direban da ke gaba ko hanyar Ƙaura lafiya. Na danne madanni, na yi sallama, na gaida iyalinsa, na kira har muryata ta dushe. Shiru. Kawu yana ta tauna goro, don shi ba ya katse kowa.

Na ce, "Kawu, an cuce ka, kurma aka sayar maka."

Ya ce, "Ɗaga yatsanka, ɗan nan."

Ina ɗagawa sai ga muryar direba, hanya lafiya lau.

Kawu ya ce, "Tun kana yaro kake danne da madanni, shi ya sa ba ka taɓa jin kowa ba."