Cinyar da Na Ƙi Soyawa

Ni dai ban taɓa ganin dam ɗin nan ba, ko unguwar Kanda da ke kusa da mu ma sai da dalili nake zuwa. Yayana direban tifa shi ya gan shi. Ya ce wata katanga ce lanƙwasasshiya kamar rabin akushi, an tokare ta tsakanin manyan duwatsu biyu, kogi ya taru a bayanta, kuma wai daga can wutar ɗakina take zuwa. Na ce to, Allah ya bar ta a tsaye.

Shekarar da na sayi firiza sai na ƙi soya naman layya. Mma, mahaifiyata, ta ce tun tana yarinya soyawa ake yi a ajiye cikin mansa, ya yi wata uku. Na ce mata wannan zamanin da ne. Na ware cinya guda saboda ɗiyata da ta haihu a Tamale, za ta zo bayan sati biyu. Farfesu nake so in yi mata da ɗanyen nama, ba ƙandararre ba.

Kwana huɗu da Sallah aka fara ɗauke wuta. Rediyo ya ce ruwan dam ya ja baya. A kawo ta awa biyu, a ɗauke yini guda. Na lulluɓe firizar da bargo, na hana kowa buɗewa, ni kuwa sau goma nake buɗewa ina latsa cinyar.

Ran Laraba aka sheƙa ruwa, babbar kwatar unguwarmu Nima ta tumbatsa har tsakar gidanmu. Ina kwarfewa ina murna, ina gaya wa matan gida yau dam ya sha ya ƙoshi. La'asar ta yi, babu wuta. Na kira Yaya a waya.

"Ke, ruwan Nima teku yake tafiya," in ji shi, yana dariya. "Sai an yi shi can arewa kafin ya iso dam."

"To su arewar me suke jira?"

Washegari ban ma ɗaga murfin firizar ba wari ya tare ni. Sai Mma ta turo mini kwano a rufe: kason da na ba ta ne, ta soye shi tun ranar Sallah.

Da ɗiyata ta zo, shi ta ci, tana santi, wai babu mai suya irina. Ban gyara mata ba. Tana cikin ci aka kawo wuta, firizar ta kama gurnani, ba komai a cikinta.