Sharaɗin da Shu'aibu ya bar wa Ladi

Shekara bakwai ke nan da rasuwar ƙanena Shu'aibu, kuma bana ce shekarar farko da na tuna shi haushi ya riga hawaye zuwa.

Shi ne ya mai da tsohon shagon babanmu na Limawa ajin koyar da rubuta manhajar kwamfuta, tun mutanen unguwa suna cewa yara yake tarawa su yi wasa. In an ɗauke wuta, sai ya ɗauko alli a koma kan allo, babu wanda zai tashi. Sharaɗinsa ɗaya ne: ba ka barin ajin sai ka koyar da wanda zai iya tsayawa a wurinka. Na sha yi masa tsiya, in ce mutumin da ko akuyar gidansa ba ta jin tsawarsa shi zai kafa wa 'yan zamani doka? Sai dai ya yi dariya ya ja kwanon tuwona gabansa.

Da ciwon ƙoda ya kwantar da shi, ɗalibarsa Ladi ya kira, 'yar manoman doya daga Gwada, wadda ta fi kowa hannu a aikin. A gabana ya damƙa mata ajin. Ta ce ta ji, za ta riƙe har ta samu magaji.

Yanzu kullum a rediyo kuka ake yi, wai ƙasa ba ta da isassun masu rubuta manhaja. Manya sukan taru a otal, su ci, su sha, a ɗauki hoto, sannan wani ya miƙe ya ce matasanmu ne ba sa son koyo. Ban taɓa ganin ɗayansu ya hau keke ya shigo Limawa ba. Kamfanoni kuwa sun san hanya sarai, amma sai amfani ya nuna suke zuwa. Duk wanda Ladi ta horar har ya fara iya tsayawa gaban aji, kafin ka ce me, an ɗauke shi zuwa Abuja ko Legas. Wasu suna nan Minna, kulle a ɗaki suna yi wa Turawa aiki, ko gaisuwa ba su da lokacinta. Ta roƙi wani kamfani ya riƙa sakar mata mutum ɗaya ranar Asabar ya taya ta koyarwa. Har yau shiru.

Ban ga laifin yaran ba, suna da iyaye da ƙanne masu kallon hannunsu. Amma da Shu'aibu zai dawo ya ga haka, na san shi, murna zai yi. Zai ce ai ga 'yan Limawa can suna juya manyan wurare. Wannan ne yake ƙona mini rai. Ya kafa dokar da kowa ya tsallake, ba ta ɗaure kowa ba sai mutum ɗaya mai kunya.

Watan jiya Ladi ta zo gidana, ta zauna a bakin tabarma, ta ƙi taɓa ruwan da na ba ta. Wani kamfani a Abuja ya sake kiranta. A baya ta ƙi zuwa saboda ajin, wannan karon sun ce ba za su ƙara jira ba. Waɗanda ta koya wa riƙe linzamin kwamfuta su ne shugabanni a can yanzu.

"Anti, Malam ba ya nan balle in roƙe shi," in ji ta. "Ke ce kika rage. In kin ce in zauna, zan zauna."

Na dube ta da kyau. Yarinyar da na sani ta fara furfura a gefen kai, a cikin shagon babanmu.

Idan aka tambaye ni abin da ya saura na Shu'aibu, ba shagon zan nuna ba, don ƙarshen watan nan za a rufe shi. Abin da ya saura yana hannun mutanen da ya koyar, waɗanda masu kukan ƙarancin ma'aikata suke mora ba tare da sun san sunansa ba. Allah Ya jiƙan ƙanena, Ya kai haske kabarinsa. Ya yi alheri, ya kuma ɗora wa 'yar mutane nauyin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya.

Ranar da ta zo ɗin, na ce mata, "Tashi ki tafi, Ladi. In da alhaki, yana wuyana. Ni zan yi masa bayani idan mun haɗu."