Yadda Aka Cire Yaya Daga Bangon Littafinta

Bana shekara goma sha biyu ke nan da aka kai yayata makwancinta. Ta rasu ba ta ga yaƙi ba, ba ta riƙe naira ba, ba ta ga Kaduna ta cika da motoci har mutum ya rasa ta inda zai tsallaka titi ba. Duk shekara idan lokacin ya zagayo, waina nake toyawa in raba sadaka, in yi mata addu'a, in ja bakina in yi shiru. Bana ma na toya wainar, amma shirun ya gagara, domin abin da na gani a teburin wani mai sayar da littattafai a bakin Babbar Kasuwa ya hana ni sakat.

Waɗanda suka yi makaranta ko ajin yaƙi da jahilci kafin mu sami mulkin kai za su tuna wasu 'yan littattafai sirara masu jan bango, na labarin sata da kisan kai da yadda ake gano wanda ya aikata. Akwai Wa Ya Buɗe Adaka?, akwai Gawa a Karofi, da 'yan'uwansu. A ƙasan kowane bango an rubuta: "Malam Sule Tafinta da Maiɗakinsa." To, maiɗakin nan ita ce yayata, uwa ɗaya uba ɗaya. A gidansu na Unguwar Kanawa na girma, daga can na tafi makaranta har na zama malamar firamare, saboda haka abin da zan faɗa ba labari aka ba ni ba.

Malam tafinta ne a kotu, yana da Turanci, yana da kyakkyawan rubutu. Yaya kuwa ba ta iya boko ba, ajamin ma sai ta bi a hankali, kuma sai a yi wata ba ta leƙa ƙofar gida ba. Amma fa kanta ja yake yi. Malam zai dawo yana ba da labarin shari'ar da aka yi, kafin ya gama wanke hannu ta ce masa mai shaida na biyu ƙarya yake yi, ta kuma faɗi dalili. Da ya ga abin ya yi yawa, sai ya ce su gwada rubutawa. Ran Lahadi da hantsi, da yake babu aiki, sai ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida da alƙalaminsa, ita kuma tana gefe da faifai tana tsintar wake, tana faɗa yana rubutawa. Babi ɗaya a mako, ko ya roƙe ta ba ta ƙarawa.

Sharaɗinta ɗaya ne, kuma ba ta taɓa karya shi ba: ba ta gaya masa wanda ya yi laifin sai an zo babin ƙarshe. Shi da yake riƙe da alƙalami, a duhu yake tafiya kamar kowane mai karatu. Nakan ji shi yana lallaɓa ta.

"Uwar Bala, wai don Allah wa ya buɗe adakar nan?"

"Rubuta dai, Malam."

"Ni ma sai an ɓoye mini?"

"Kai ma fa. Ka daɗe a kotu. Da zarar ka san ɓarawo, hannunka zai tona masa asiri, tun shafin farko za ka ba shi jajayen idanu."

Gaskiyarta. Da yake Malam bai san mai laifi ba, dole ya rubuta kowa da mutuncinsa: ɓarawon nan yana gaida manya, yana wasa da 'ya'yansa, yana ba maƙwabci aron tsani. Idan aka zo ƙarshe aka kama shi, sai ka ji ranka ya ɓaci, domin ka riga ka so shi. Sau ɗaya Malam ya rantse ya gano mutumin tun babi na uku, ashe wanda ya zarga shi za a kashe a babi na huɗu. Ranar Yaya ta yi dariya har wake ya zube.

Mai gano asiri a littattafan kuwa wata tsohuwar dillaliya ce, Iya Kande. Akwai ɗan sanda, Saje Audu, mutumin kirki, amma iyakarsa zaure, domin namiji baƙo ba ya shiga cikin gidan matan aure. Iya Kande ce ke shiga da ƙunshin zannuwa da kwanoni, ta zauna a ba ta fura, ta lura da wadda ta yi sabon awarwaro, da wadda ta daina gaida maƙwabciyarta, da ɗakin da aka share da yamma ba lokacin shara ba. In ta fito sai ta tsaya a zaure ta gaya wa Saje inda zai duba. Duniyar da Yaya ta sani ke nan, ita ta zuba a takarda.

Yanzu ku ji abin da na gani a bakin kasuwa. An sake buga Gawa a Karofi, wai don makarantu. A bango an zana wani ƙato da wuƙa a hannu, idanu jawur, rawaninsa da tabon goshinsa sun nuna ko wane ne, kuma shi ne mai kisan. A bayan littafin, don kada wani ya wahala, an taƙaita labarin kaf har da yadda aka kama shi. Na buɗe ciki, sai na tarar Saje Audu ya zama Sufeto, an ba shi bindiga da mota, yana bankaɗe labulen matan aure da ƙafa kamar a sinima. A wane gari aka taɓa yin haka? Iya Kande kuwa an mai da ita tsohuwa mai surutu, ta leƙo a shafi biyu a yi mata dariya ta fita. Tir da wannan aiki. Duk da haka da na daure, na ce zamani ne, in ba don abin da na gani a ƙasan bangon ba. An rubuta "Malam Sule Tafinta," daga nan sai fili.

Nakan tambayi kaina me Yaya za ta ce da ta ga wannan. Kuka dai ba za ta yi ba, ba halinta ba ne. Ina jin da yatsa biyu za ta ɗaga shi, yadda take ɗaga mataccen ɓera, ta tambaya ko akwai mai hankalin da zai sayi labarin ɓarawo bayan an manna masa hoton ɓarawon a goshin littafi.

Ban koma gida ba, Malali na wuce, gidan ɗansu Bala, wanda yanzu babba ne a wata ma'aikata, kuma shi ya shirya maganar sake bugun. Na ajiye masa littafin a kan teburinsa na gilashi. Ko a jikinsa. Ya ce, "Inna Ladi, yaran yanzu ba sa son labarin tsohuwa mai tallan zannuwa, dole a gyara." Na ce na ji, to ina uwarka ta tafi? Nan ya yi murmushi ya ba ni labari, yana ba ni kamar wani abin alfahari.

Ashe mai ɗab'in littafin, wani saurayi ɗan boko, shi da kansa ya je zauren Malam. Ya ce "da maiɗakinsa" ba suna ba ne, littafin makaranta kuwa sai da cikakken sunan marubuci, a faɗa masa sunan marigayiya ya sa. Kun ji fa, tambaya ya yi. Malam kuwa auren saurayi da budurwa suka yi da Yaya, irin mutanen zamanin da, bai taɓa kiran sunanta ba, shi ya sa ma tun farko aka rubuta "maiɗakinsa." Sai ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Saurayin ya juya wajen Bala, da ke zaune a gefe. Bala ya ce shi ma nauyi ya ji, yaya za a yi ya kama sunan mahaifiyarsa gatsau a gaban mahaifinsa? Mutumin ya jira, ya sha ruwan da aka kawo masa, ya duba agogo, ya ciro biro ya ja layi a kan kalmomin. Suka raka shi har mota.

Ni ba na faɗa da kunya. A cikinta aka rene ni, ita nake koya wa yara a aji. Amma wannan wace irin kunya ce? Ɗan da bai ji nauyin a yi wa aikin uwarsa kaca-kaca ba, bai ji nauyin a mai da Iya Kande abin dariya ba, sai sunanta ne ya yi masa nauyi a baki. Ga takarda ga biro a gabansa, ai da ya rubuta ya miƙa. Ya raka mutumin har mota, ai da ya raɗa masa a can. Gidana ba nisa, ai da ya aiko. Hannun da ya kasa rubuta sunan, shi ya sa hannu a yarjejeniyar sake bugun. Wallahi na fito daga gidan nan ina jin ƙyamar ruwan sanyin da na sha.

Malam ne ya fi ba ni wuya, domin shi uba ne a gare ni. Ya tsufa, idanunsa sun tafi, bai ma san abin da aka zana a bangon ba. Na gaishe shi, na ce, "Malam, yaya aka yi haka?" Ya ce, "Ladi, na buɗe bakina, Allah ya sani. Ya ƙi fita." Na so in yi masa faɗa, na duba fuskarsa na fasa. Amma ban yafe ba tukuna, kuma ba zan yi ƙarya a jarida in ce na yafe ba.

Me ya rage na Yaya? Tsofaffin littattafan masu jan bango suna nan a ƙasan akwatunan mata, bango ya yage, ana aro ana mayarwa. Har gobe a Unguwar Kanawa idan ludayi ya ɓace a gida, za ka ji wata ta ce sai an kira Iya Kande, ko da ba ta san daga ina maganar ta fito ba. Wannan duk alheri ne, amma bai isa ba. Sabon bugun ya riga ya shiga makarantu, har da tamu, kuma yaran da za su karanta shi za su girma suna cewa mutum ɗaya ne ya rubuta. Ni ma tun da na buɗi ido Yaya nake ce mata, amma nauyin bakina bai kai in bari a binne ta sau biyu ba.

Saboda haka ga shi, duk mai sabon littafin ya ɗauki biro ya cike filin nan na ƙasan bango. Sunanta Rabi'atu, 'yar Malam Ibrahim maɗinki, ana ce mata Rabi. Ita ta ƙago kowane ɓarawo da kowace gawa da ke cikin littattafan nan, Malam Sule ya rubuta. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Wannan sakin layi na ƙarshe daga baya na ƙara shi. Kafin in kai rubutun gidan jarida, na je na karanta wa Malam shi tun daga farko, domin ba na so ya ji a bakin wani. Ya ji inda na zagi ɗansa, ya ci gaba da jan carbinsa. Ya ji inda na ce ban yafe masa ba, bai motsa ba. Da na zo kan sunan, sai carbin ya tsaya a hannunsa. Na ci gaba zan karanta addu'a, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

"Ladi," ya ce, "koma baya kaɗan. Sake karanta mini wurin nan."